Buddenbrooks ko Die Verwandlung: da wanne ya kamata a fara?

Duk wanda ya yi niyyar shiga adabin Jamusanci, ko don jin daɗin karatu ko don rubuta nazari, ba ya daɗewa sai an nuna masa ƙofa biyu. Wasu za su ce ya fara da Franz Kafka, su miƙa masa Die Verwandlung, wato 'Rikiɗa', labarin saurayin da ya wayi gari ya tarar ya rikiɗe ya zama ƙwaro, wai don a zama ɗaya ko biyu an gama shi. Wasu kuma su ce Thomas Mann ne babba, a ɗauki Buddenbrooks ko da nauyinsa zai gajiyar da hannu. Galibin masu wannan shawara da yawan shafi suke aunawa: na Kafka kimanin shafi 70 ne a yawancin bugu, na Mann kuwa ya haura 700. A ganina wannan awo bai isa ba. Littattafan biyu, duk da ba su yi kama a ido ba, damuwarsu ɗaya ce: ɗan da gidansu ya ɗauke shi a matsayin jari, me ke samun sa ranar da ya daina kawo riba? Bambancin yana wajen yadda kowannensu ya tunkari tambayar, kuma nan ne ya kamata mai zaɓi ya tsaya ya duba.

Dukkan marubutan biyu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da suka ƙi gadon sana'ar ubansu. An haifi Mann a 1875 a Lübeck, tsohon birnin fatauci a arewacin Jamus. Mahaifinsa babban dillalin hatsi ne kuma sanata a majalisar birnin. Da ya rasu a 1891, wasiyyarsa ta ce a rushe kamfanin a sayar, domin bai ga mai riƙe shi ba a cikin manyan 'ya'yansa maza, Heinrich da Thomas, waɗanda daga baya duk suka zama marubuta. Mann ya fara rubuta Buddenbrooks a Italiya a 1897, ya fito a 1901 yana da shekara 26. Mawallafinsa Samuel Fischer ya nemi ya rage rabin littafin, ya ƙi. Da aka ba shi kyautar Nobel a 1929, wannan littafi na ƙuruciyarsa ne aka ambata a matsayin babban dalili.

Kafka kuwa a 1883 aka haife shi a Prague, lokacin tana ƙarƙashin daular Austiriya da Hangari. Bayahude ne mai magana da Jamusanci a birnin da mafi yawan mutanensa harshen Cek suke yi. Mahaifinsa Hermann ɗan mahauci ne daga ƙauye, wanda da ƙarfin tuwo ya kai ga mallakar kantin kayan ado a tsakiyar birni, kuma bai taɓa gajiya da tuna wa ɗansa wahalar da ya sha ba. Kafka ya karanta shari'a, ya yi aiki a hukumar inshorar haɗurran ma'aikata daga 1908 zuwa 1922, yana rubutu da dare. A ƙarshen 1912 ya rubuta Die Verwandlung, 'yan makonni bayan iyalinsa sun matsa masa ya riƙa duba wata masana'anta ta surukinsu, matsin da ya kai shi ga rubuta wa abokinsa Max Brod cewa har tunanin kashe kansa ya yi. Labarin ya fito a 1915. Kafin haka ya taɓa neman mawallafinsa Kurt Wolff ya haɗa shi da wasu labarai biyu a littafi ɗaya da za a raɗa wa suna 'Ya'ya Maza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda hankalinsa yake.

Bari in fara da na Mann, tunda shi ne mutane suka fi jin tsoro.

Labarin ya tashi daga 1835 ya tsaya a 1877, ya ratsa tsatso huɗu na gidan Buddenbrook, masu fataucin hatsi. An buɗe shi da walimar tarewa a sabon babban gida a titin Mengstraße: abinci kala-kala, baƙi na manya, kaka Johann yana tsokanar jikarsa Tony 'yar shekara takwas a kan haddar darasin addini. Wannan kashi na farko yana tafiya a hankali, kuma a nan ne da yawa suke ajiye littafin. Kada ka ajiye. Duk wanda ke zaune a teburin nan za ka bi shi har kabari ko har wulaƙanci, kuma tun a daren an riga an ambaci dangin da suka mallaki gidan kafin su, waɗanda arzikinsu ya karye.

Gidan yana da wani kundi da ake rubuta duk haihuwa da aure da mutuwa a ciki, da kuma wata wasiyya da aka gada daga kakanni: ɗa ya yi kasuwanci da himma da rana, amma irin wanda zai bar mutum ya yi barci da kwanciyar hankali da dare. A kan wannan kundi da wannan wasiyya aka gina komai. Tony ta girma, wani ɗan kasuwa daga Hamburg mai suna Grünlich ya zo neman aurenta, tana ƙyamar sa. Aka kai ta bakin teku a Travemünde don ta huce, can ta kamu da son Morten, ɗalibin likitanci ɗan masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinta bai doke ta ba, bai kulle ta a ɗaki ba. Wasiƙa ya rubuta mata, yana tuna mata cewa ba su zo duniya don neman ɗan jin daɗin kansu ba, kowannensu zobe ne a jikin sarƙa. Da ta dawo gida ta buɗe kundin, ta karanta sunayen kakanni, sai ta ɗauki alƙalami ta rubuta baikonta da Grünlich da hannunta. Ban san wani wuri a adabi da ya fi wannan nuna yadda ake tilasta wa mutum ba tare da an ɗaga masa murya ba. Bayan 'yan shekaru Grünlich ya karye, ta bayyana cewa littattafan lissafin da ya nuna wa surukinsa na bogi ne, kuma sadakin da ta zo da shi, wato dukiyar da a al'adarsu uban amarya ke ba ango, shi kawai ya aura. Uban ya je Hamburg, ya tambaye ta ko tana son mijinta har a sa kuɗin kamfani a cece shi. Da ta ji abin zai girgiza kamfanin, ta ce sam. Ya ɗauko ta da 'yarta suka dawo. Aurenta na biyu a Munich ma haka ya watse, mijin 'yarta kuma ya ƙare a kurkuku.

Amma ƙashin bayan littafin shi ne yayanta Thomas. Shi ne ɗa nagari. Ya rabu da wata yarinya mai sayar da furanni da yake so don ba ta dace da sunan gida ba, ya auro Gerda daga Amsterdam, mai dukiya kuma gwanar kaɗa goge irin na Turawa. Ya riƙe kamfani, ya doke abokin hamayyarsa Hagenström ya zama sanata, ya gina sabon gida. Daidai lokacin da gari ke ganin ya kai ƙololuwa, shi ya san cikinsa ya zama fanko. Yana ɓata lokaci mai tsawo wajen gyara gashin baki da canza tufafi kafin ya fita, don kada a ga gajiyar da ke fuskarsa. Ƙanensa Christian, wanda ba ya iya riƙe aiki, sai wasan kwaikwayo da ƙorafin ciwo, shi ne abin da Thomas ya fi tsana, kuma a wata rigima mai zafi ya faɗa masa dalili: ya zama abin da ya zama ne don gudun kada ya zama irin sa. Sau ɗaya Thomas ya karya wasiyyar kakanni, ya sayi hatsin wata gona tun yana tsaye ba a girbe ba, a kan farashi mai rahusa daga hannun wanda bashi ya shaƙe. Ranar bikin cikar kamfanin shekara 100, a 1868, gida cike da masu taya murna, aka miƙo masa saƙon telegiram cewa ƙanƙara ta lalata gonar. Ya mutu bai kai shekara 50 ba, bayan ya fito daga wurin likitan haƙori ya faɗi a kan titi cikin taɓo, mutumin da bai taɓa yarda ƙura ta hau rigarsa ba. Wasiyyarsa ta ce a rushe kamfanin. Ɗansa tilo Hanno, yaro mai laulayi wanda ba abin da ke raya shi sai kiɗa, tun yana ƙarami ya taɓa ja layi biyu a ƙarƙashin sunansa a kundin gida, da uban ya tambaye shi dalili ya ce ya zaci ba wani abu da zai ƙara zuwa. Zazzabin taifod ya kashe shi yana matashi.

Na Kafka ba shi da tsatso huɗu, ba shi da shekaru arba'in. 'Yan watanni ne, kuma kusan komai a cikin gidan haya ɗaya. Gregor Samsa mai yawon tallan yadi ne. Kasuwancin ubansa ya karye shekara biyar da suka wuce, iyayen suna da bashi a wurin maigidan da yake yi wa aiki, shi ke biya, shi ke ciyar da uwa da uba da ƙanwarsa Grete. A jimlar farko ya riga ya zama ƙwaro. Ba a faɗi dalili ba, kuma har ƙarshe ba za a faɗa ba. Abin da ya fi kama zuciya shi ne tunaninsa na wannan safiya: bai tsaya yana kukan jikinsa ba, damuwarsa ita ce jirgin ƙasa na ƙarfe biyar na asuba ya wuce shi, kuma cikin shekara biyar bai taɓa fashin aiki ba. Tun kafin ya iya sauka daga gado, wakilin kamfani ya iso gidan yana tuhumar sa ta bayan ƙofa.

Daga nan labarin yana bin yadda ƙauna ke ƙarewa a gidan da ke da majinyacin da ba ya warkewa. Da farko Grete ce ke kawo masa abinci, tana gwada wannan da wancan don ta gano abin da yake iya ci, tana share ɗakin. Shi kuma yana ɓuya ƙarƙashin kujera, har ya ja mayafi ya rufe kansa don kada ganin sa ya tayar mata da hankali. Yana jin maganarsu, su kuwa ba su san yana fahimta ba. Ta bayan ƙofa ya ji uban yana bayanin cewa ashe akwai ɗan kuɗin da ya tsira daga karayar arzikin, kuma an yi ta tara wani abu daga albashinsa, kuɗin da da an sa a bashin da ya kusa samun 'yanci. Bai yi fushi ba, sai ma ya ji daɗin tsimin uban. Wannan wuri yana da ciwo ƙwarai. Uban da a da ba ya iya tashi daga kujera ya sami aikin masinja a banki, ya miƙe tsaye cikin kaki, ya jefi ɗansa da tuffa har ɗaya ta nutse a bayansa ta ruɓe a can. Uwa ta kama ɗinki, Grete ta kama aikin kanti, aka saka 'yan haya uku, ɗakin Gregor ya zama wurin zuba tarkace. Wani dare Grete tana kaɗa goge wa 'yan hayar, kiɗan ya jawo shi ya fito, aka gan shi. Ita Grete ɗin, wadda ya yi burin biya wa kuɗin makarantar kiɗa, ita ce ta ce dole a rabu da wannan abu, kuma su daina ɗaukar sa a matsayin Gregor. Ya koma ɗaki, ya tuna da su cikin ƙauna, ya mutu kafin gari ya waye. Mai aikin gida ce ta tarar da gawar, ita ce kuma ta kawar da ita. A ranar su ukun suka ɗauki hutu, suka shiga jirgin cikin gari zuwa bayan gari shan iska, iyayen suka lura 'yarsu ta zama budurwa, lokaci ya yi da za a nema mata miji.

To, ga su nan biyu. Babban bambancin da ya shafi mai zaɓi shi ne maganar dalili. Mann yana ba ka dalilai har su yi maka yawa: sadakin da aka yi ta asara, gadon da ya fita daga gida ta hannun surukai, sabon salon kasuwanci na su Hagenström wanda ba ruwansa da kunya, raunin jiki da ke ƙaruwa daga uba zuwa ɗa. A ƙarƙashin waɗannan akwai ra'ayinsa na cewa duk lokacin da gida ya ƙara zurfin tunani da son fasaha, ƙarfin riƙe dukiya yana raguwa. Kaka mai raha ne wanda ba ya tuhumar kansa, ɗansa mai tsananin ibada ne da ke neman daidaita addini da riba, jikan yana karanta falsafar Schopenhauer a kan mutuwa, tattaɓa-kunne kuwa sai kiɗa. Kana iya yarda da wannan ra'ayi ko ka ƙi shi, ni kaina ban gamsu cewa fasaha tana da alaƙa da lalacewa haka kai tsaye ba, amma aƙalla akwai abin da za ka kama ka yi jayayya da shi. Kafka ya cire dalilin gaba ɗaya ya bar ka da sakamakon. Shi ya sa har ya roƙi mawallafinsa kada a zana ƙwaron a bangon littafin. Mai karatun da ke son a yi masa bayani zai fita daga Die Verwandlung da ƙishirwa, wanda kuma ke gajiya da bayani zai ji Buddenbrooks ya cika shi da magana.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne goge ya shiga littattafan biyu, kuma a gidajen biyu kiɗa ne ke fallasa ɗan. Hanno ya gaji son kiɗa daga uwarsa, Thomas yana kallon kiɗan a matsayin abokin gabar da ya ƙwace masa magaji. Gregor, wanda a da bai damu da kiɗa sosai ba, sai da ya zama ƙwaro kiɗan ƙanwarsa ya taɓa shi, har ya tambayi kansa ko dabba ce shi alhali kiɗa na motsa shi haka. Ɗalibin da ke neman jigon da zai haɗa marubutan biyu a nazari ɗaya, ga shi nan a shirye. Kafka ma mai karanta Mann ne kuma mai ƙaunar rubutunsa, ya faɗi haka a wasiƙunsa ga Brod.

Wajen mata kuwa Mann ya yi wa Kafka nisa, ba kusa ba. Tony mutum ce cikakkiya: mai alfahari, mai surutu, mai saurin kuka da saurin dariya, tana maimaita maganganun Morten har tsufanta ba tare da ta ambaci daga inda ta ji su ba. Ita ce ta fi kowa asara a kan sunan gida, ita ce kuma ta fi kowa imani da shi, har ranar da Hagenström ya sayi gidan Mengstraße ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Mai karatun da ya san gidan da aka aurar da 'ya don ƙulla zumuncin kasuwa zai gane ta tun kafin a gama gabatar da ita. Grete kuwa ta idon Gregor kawai muke ganin ta, ta ramin ƙofa. Canjinta daga mai jinya zuwa mai yanke hukunci yana da ƙarfi, wasu manazarta ma suna ganin rikiɗarta ce ainihin rikiɗar da ke cikin labarin, amma ba mu taɓa shiga zuciyarta ba. Idan abin da ke jan ka shi ne matsayin mace da aure da gado, ba sai ka yi dogon tunani ba.

Inda Kafka ya fi shi ne gaskiyar da ba a son faɗa. Mann yana tausayin taurarinsa, har mutuwarsu tana da wata daraja. Ana yi wa Thomas jana'iza irin ta sanata. Gregor tsintsiya ce ta tabbatar da mutuwarsa. Kuma Kafka bai mai da iyalin mugaye ba, wannan ne ya sa labarin ba ya barin mutum ya huta. Sun gaji ne, kuɗi ya yi kaɗan, suna aiki tun safe, suna jin kunyar baƙi. Duk wanda ya taɓa jinyar wani na tsawon lokaci, ko ya taɓa zama wanda gida ke dogaro da albashinsa sannan aikin ya tsaya, zai karanta shi da wani irin nauyi a ƙirji. Saboda haka nake cewa wanda yake cikin irin wannan hali a yanzu ya yi tunani kafin ya ɗauke shi. Gajartarsa ba ta sa ya zama mai sauƙi ba.

Kowannensu yana da nasa rauni. Mann yana kallon talakawa daga saman bene: ma'aikatan rumbu da barori suna shigowa ne galibi don a yi murmushi, har tarzomar 1848 ta zama abin raha inda uban Tony ya sallami masu zanga-zanga da 'yan kalmomi cikin karin harshensu. Yadda ya siffanta dangin Hagenström ma yana da ƙanshin tsohon ƙyashin da ake yi wa Yahudawa, mai nazari ya kamata ya lura da shi. Kafka kuma ba zai koya maka komai game da tarihin Jamus ko Austiriya ba. Babu shekara, babu siyasa, babu sunan gari. Daga Buddenbrooks kuwa za ka fita ka san yadda birnin fatauci yake mulkin kansa, yadda ake lissafin sadaki, da yadda makaranta ta koma kamar bariki bayan haɗewar Jamus a 1871, domin Mann ya ware dogon babi ya bi Hanno cikin yini ɗaya na makaranta, daga tsoron safiya har zuwa komawarsa gida ya zauna gaban fiyano.

Sai maganar harshe, wadda ga wasu ita ce za ta yanke hukunci. Idan kana koyon Jamusanci kuma kana son karanta asalin rubutun, Kafka ne naka, babu tababa. Kalmominsa na yau da kullum ne, na ɗaki da ofis, salonsa a bushe kamar na mai rubuta rahoto, wanda dama aikinsa ke nan. Jimlolinsa suna da tsawo wani lokaci, suna ta juyawa da "amma" da "ko da yake", sai dai wanda ya kai matakin B2, wato ya ɗan wuce tsakiya a koyon harshen, zai iya bi da ƙamus a gefe. Mann kuwa tun a layukan farko ya gauraya karin harshen arewacin Jamus da Faransanci a bakin kaka Johann, can gaba kuma mijin Tony na biyu ya zo da karin Bavariya wanda su kansu mutanen gidan ba sa ganewa sosai. Ga ɗan koyo wannan azaba ce. Asalin Jamusancin littattafan biyu yana nan kyauta a shafin Project Gutenberg. Wanda zai karanta da Ingilishi, na Kafka ana samun sa da sunan The Metamorphosis cikin fassarori da yawa. Na Mann yana da tsohuwar fassarar Helen Lowe-Porter ta 1924 da ta John E. Woods ta 1993. Ta biyun ta fi riƙe raha da bambancin muryoyin taurari, ita nake ba da shawara.

Ga mai rubuta kundin digiri ko maƙala, shawarata ta saɓa wa abin da aka saba ji. Ɗalibai suna rugawa wurin Kafka don gajere ne, sai su faɗa rami. An fassara ma'anar labarin nan ta kowace fuska: rikicin ɗa da uba bisa tunanin Freud, masanin halayyar ɗan Adam, tare da dogaro da doguwar wasiƙar da Kafka ya rubuta wa mahaifinsa a 1919 wadda ba ta taɓa isa hannunsa ba, bautar ma'aikaci a tsarin jari-hujja, halin Bayahude a Turai, musamman da yake 'yan'uwansa mata uku duk 'yan Nazi sun kashe su bayan rasuwarsa a 1924, cuta da naƙasa, zunubi da hukunci. Tun a 1973 manazarci Stanley Corngold ya tattara sharhi sama da 100 a kan ma'anar wannan ɗan labari. Sabon shiga da wuya ya faɗi abin da ba a faɗa ba, kuma da yake matanin bai ba da dalili ba, abu ne mai sauƙi mutum ya ɗora masa ra'ayin da ya zo da shi daga gida ya ce ya yi nazari. Buddenbrooks ya fi faɗi, kuma hujja a cikinsa a bayyane take. Ba dole ka ɗauki dukkan kashi 11 na littafin ba. Kashi na 3 da na 4 sun ishe ka nazarin aure da dukiya. Kashi na 8 ya ishe ka nazarin amana da haɗama a kasuwanci. Kashi na 10 da na 11 sun ishe ka nazarin uba da ɗa, ko salon Mann na ba da labarin mutuwa, inda ya bayyana zazzabin da ya kashe Hanno cikin muryar littafin likita ba tare da ya ambaci sunan yaron ba a babin. Akwai kuma dabararsa ta maimaita alama, irin ciwon haƙori da ke bin mazan gidan da shuɗin inuwar da ke gefen idon Gerda da ɗanta, abin da ɗalibi zai iya bi shafi bayan shafi ya kafa hujja da shi.

Idan aka ce in zaɓa wa wanda ke karatu da Ingilishi, yana da 'yan makonni a hannunsa, kuma yana son ya san adabin Jamusanci da gaske, Buddenbrooks zan ba shi da farko. Dalilina shi ne bayan ka zauna da Thomas ka ga yadda ake gina ɗa nagari tun yana yaro, da abin da ake cire masa kafin ya zama haka, safiyar Gregor ba za ta zo maka a matsayin almara mai ban mamaki kawai ba. Za ka gane me ya sa mutumin da ya farka a jikin ƙwaro yake lissafin jirgi da bashi. Wanda ya fara da Kafka sau da yawa ƙwaron ne ke tsaya masa a rai, iyalin da bashin su shige masa duhu.

Wanda ke tsoron girman littafin ya yi wannan gwaji: ya daure ya wuce walimar kashi na 1, ya karanta har ƙarshen kashi na 3, inda Tony ta rubuta sunanta a kundi aka ɗaura aure. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na littafin ba. Idan zuwa nan bai damu da abin da zai same ta a Hamburg ba, to Mann ba nasa ba ne a yanzu, ya ajiye shi ya ɗauki Kafka. Mai koyon Jamusanci da wanda jarrabawa ta matso masa kuwa, su tafi wurin Kafka kai tsaye, amma su karanta shi sau biyu, karo na biyun suna bin Grete da uban maimakon Gregor.